Ranar da Na Ari Ciwon Nomau

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta cikin kakar tumatir ba, ko da Allah Ya ƙara mini wasu shekaru saba'in a kan waɗanda na riga na ci. Na daɗe ina jinkirin rubuta labarin, domin babu daɗi mutum ya zama shi ne mai ƙara kuma shi ne wanda ake ƙara. Amma tun da zancen ya riga ya kai kasuwar Kura, har an ce mini masu lodin kwanduna a Kadawa suna ba da shi da ƙari, gara in ba da shi da bakina, da isnadi mafi kusa.

A gidan karatu na tashi. Mahaifina malami ne, haka ma mahaifinsa. Na yi shekara arba'in da 'yan kai ina karantar da fikihu a zaure, tun daga babin tsarki har zuwa rabon gado, ni ne kuma limamin masallacin unguwarmu. Da rani ina noman tumatir da albasa a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, kamar kowa a wannan yanki namu na tsakanin Kura da Bunkure. (Ba don alfahari na kawo wannan ba, sai don mai karatu ya auna tsawon wurin da na faɗo.)

Ina da aboki tun na ƙuruciya, sunansa Nomau. Iyayensa Maguzawa ne na wata unguwa a bayan gari. Ya musulunta yana saurayi a hannun mahaifina, ni kuwa aka ɗora wa koya masa alwala da Fatiha, kuma Allah Ya sani mun sha fama. Har yau bai iya karatu ba, na boko ko na ajami. Aikinsa duk tsawon rayuwarsa shi ne buɗe ƙofar ruwa da rufe ta, ya ba wannan gona, ya hana waccan har lokacinta ya yi. Ina ƙaunarsa ƙwarai, sai dai yanzu na gane irin ƙaunar ce da ta saba da jin “haka ne, Malam” a ƙarshen kowace magana.

Shekarun baya ciwon suga ya kama Nomau. Ƙafarsa ta daina ji, har ya taka wani ƙarfe a cikin kanal bai sani ba sai da ya ga jini a ruwa. Raunin ya zama gyambo, aka fara raɗe-raɗin yanke ƙafar. Sista Hajara, nas ɗin da ke riƙe da ƙaramin asibitin garinmu, ita ta yi ta ɗawainiya da shi wata da watanni, tana wankewa tana ɗaurewa, har Allah Ya kawo sauƙi.

Ana nan sai aka ƙulla yarjejeniya tsakanin asibitin namu da wata makarantar koyon aikin jinya da ke Kano. Sista Hajara ta yi wa dattawa bayani a ƙofar gidan dagaci. Ta ce makaranta tana da ɗalibai da suka haddace littafi amma ba su taɓa riƙe ƙafar manomi ba, ita kuwa tana da ƙafafun manoma fiye da abin da hannayenta biyu za su iya. Saboda haka kowane zango za a turo ɗalibai su zauna makonni suna aiki a ƙarƙashinta. Malaminsu, Malam Kabiru, zai riƙa zuwa kowace Laraba. Ita za ta nuna masa abin da ya fi damun mutanen bakin kanal, irin su tsargiya da zazzaɓi da raunukan da ba sa warkewa, ya koma ya gyara darasinsa. Shi kuma zai kawo mata abin da aka sabunta a aikin. Ni na buɗe taron da addu'a, na kuma yi dogon bayani a kan cewa sani ba ya cika sai an haɗa shi da aiki. Aka yi ta gyaɗa kai. Na koma gida ina jin daɗin kaina.

Abin da ban kula da shi ba a cikin tsarin shi ne wani ɗan sashe da ya ce za a zaɓi mutumin da ya daɗe yana zaune da ciwo, a zaunar da shi gaban ɗalibai ya karantar da su yadda ciwon yake a jikin mai shi. Wanda aka zaɓa kuwa Nomau ne.

Filin albasata yana bayan katangar asibitin. Larabar farko ina cire ciyawa sai na ji muryar wata yarinya tana cewa, “Baba Malam Nomau, don Allah ɗan maimaita, ban gama rubutawa ba.” Na miƙe a hankali na leƙa. Ga Nomau a baranda, a kan kujera mai hannu, da sabuwar hula, ya miƙe ƙafa a kan benci. Ga ɗalibai takwas cikin fararen kaya sun kewaye shi, kowa da biro, suna rubuta abin da ke fitowa daga bakinsa kamar masu tsoron kada harafi ɗaya ya zube ƙasa.

Mai karatu, shekara arba'in ina ba da karatu. Ɗalibaina manoma ne, suna zuwa a gajiye daga ban ruwa, rabinsu kan yi gyangyaɗi kafin in fita daga farillan alwala. Ba a taɓa samun wanda ya ce mini in maimaita don bai gama rubutawa ba. Wanda ya taɓa cewa in maimaita, barci ne ya ɗauke shi.

Na gaya wa kaina cewa abin da nake ji ba hassada ba ce. Malamai sun rarrabe tsakanin hassada, wadda take son ni'ima ta gushe daga mai ita, da gibɗa, wadda take son irin ni'imar kawai, kuma ta biyun halal ce. Na yanke wa kaina hukunci cewa tawa gibɗa ce. (Alƙalin da ya yanke hukuncin da wanda aka wanke mutum ɗaya ne, shi ya sa shari'ar ba ta ɗauki lokaci ba.)

Daga nan albasata ta zama mai bukatar cirar ciyawa kowace Laraba da hantsi. Nakan tsuguna a gindin katanga in saurari farkon darasin, inda Nomau yake ba da labarin yadda ciwon ya faro. Da zarar na ji ɗalibai sun yi dariyar jin daɗi ko sun ce “ma sha Allah, Baba”, sai zuciyata ta cika, in kakkaɓe riga in tafi. Ban taɓa zama har ƙarshe ba.

Da yamma Nomau yakan biyo ta zaure ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Wata rana ya ce, “Malam, yau ma an sha karatu a asibiti. Ai yaran nan...”

Na ce, “Allah Ya sanya albarka. Ina da muɗala'a.” Na jawo littafi na buɗe.

Wata ranar kuma muna tafe tare zuwa jana'iza, wata mata ta durƙusa ta ce, “Malamai, sannunku.” Ta haɗa mu a gaisuwa ɗaya. Nomau ya amsa kafin in amsa. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na ji a bakin ladaninmu cewa za a zo da mota a ɗauki Nomau zuwa Kano ya yi wa ajin gaba ɗaya bayani.

Na zauna na yi nazari. Na ga cewa ijazar da ta ɗora Nomau a kan kujerar nan ciwo ce. Ni kuwa, alhamdu lillahi, lafiyata ƙalau, kuma wannan ne karo na farko da na dubi lafiyata da ɓacin rai, astagfirullah. Ƙarya haramun ce, ba zan je in ce ina da abin da ba ni da shi ba. Sai Shaiɗan, wanda shi ma ya san fikihu, ya tuna mini cewa duk lokacin da na daɗe zaune a kan ƙafata ta hagu ina karatu, takan mutu har in kasa jin ta. Idan na kashe ta da gangan, na je na ce “ƙafata ba ta ji”, to a lokacin furucin na faɗi gaskiya.

Larabar da ake magana, tun bayan fitowar rana na ɗauko mujalladi mafi kauri, na lanƙwashe ƙafar hagu na zauna a kanta. Na fi awa guda a haka. Maiɗakina ta wuce ta dawo, ta sake wucewa, sannan ta tsaya.

“Malam, wannan zaman tahiyar ba shi da sallama ne?”

Na ce, “Asibiti za ni. Ƙafa ce, ba ta ji.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. “Wace ƙafar? Kai da jikarka ta taɓa tafinka da gashin kaza kana barci ka yi ƙwallo da buta?”

Na dogara sanda na tashi. Ƙafar ta mutu murus, ɗingishina kuwa na gaskiya ne, babu algus a cikinsa.

Na isa asibiti na tarar da layi. Kaka ce, ga masu tsinkar tumatir da yankan wuƙa, ga mata da goyo, ga tsofaffi. Sista Hajara ta hango ni ta ce, “Lafiya, Baba Malam? Shigo, shigo, kada ka tsaya.” Da na bi maganarta da asirina ya rufu, ko da na ɗan lokaci. Amma idanun jama'a suna kaina, ni kuma na sha yi musu wa'azi a kan kada babba ya danne haƙƙin ƙarami. Sai na ɗaga hannu na ce da ƙarfi, “A'a, 'yata, kowa ya bi layinsa.” Aka yi ta sa mini albarka. Riya ce tsantsa, kuma ba ta jira lahira ba kafin ta karɓi haƙƙinta.

Ina zaune a benci na ji ƙafar ta fara yam-yam kamar tururuwa na yawo a cikinta. Jim kaɗan ta farfaɗo sarai, har ina jin ƙwayar yashin da ke cikin takalmina. Na yi ƙoƙarin sake lanƙwashe ta a ƙarƙashina, bencin kuwa siriri ne. Wani tsoho da ke kusa da ni ya matsa ya ce, “Malam, in salla za ka yi ai ga tabarma can.” Ban gama sauke ƙafar ba aka kira ni.

Sista ta ce, “Baba Malam, yau Laraba, Malam Kabiru yana nan. Ka yarda ɗalibai su duba ka a gabansa?”

Na yi ɗan jim kamar mai shawara, alhali abin da ya fito da ni daga gida ke nan. Na ce, “Saboda ilimi, na yarda.”

Aka kai ni baranda. Nomau yana nan a kujerarsa, ya gama darasinsa. Da ya gan ni ya zabura ya ce, “Subhanallahi, Malam, kai ne da sanda?” Aka zaunar da ni a kan gadon duba marasa lafiya. Wanda aka ba aikin dubawar Habibu ne, ɗan garinmu, wanda ya yi karatu a zaurena kafin ya tafi makarantar jinya. Ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, me ke damunka?”

Na ce, “Ƙafata ta hagu takan mutu.”

Wannan gaskiya ce. Biro takwas suka sauka a kan takarda lokaci guda. Na ji ƙarar rubutun, wani sanyi ya ratsa ƙirjina. Wallahi da a ce na tsaya nan da na tsira, amma wanda ya yi shekara arba'in yana jin ƙishirwa ba ya tsayawa a kurɓi ɗaya.

Habibu ya ce, “Yaya kake jin ta idan ta mutu?”

A nan gaskiyata ta ƙare. Na laluba ban sami kalma tawa ba, sai na ji bakina yana cewa, “Kamar taɓon kanal ya bushe a tafin, in wanke ya ƙi fita. Wani lokaci kuma kamar ina sanye da safa, in duba in ga babu safa.” Na ƙawata shi da Larabci, na kawo bayanin magabata a kan rinjayen sanyi da danshi a gaɓoɓi, na gyara zaman rawani.

Sai na lura wata ɗaliba ta daina rubutu. Ta koma baya a littafinta, shafi ɗaya, shafi biyu, ta nuna wa ta kusa da ita wani layi da yatsa. Malam Kabiru ya cire tabarau ya goge ya mayar. Nomau kuwa ya dafe ƙirji ya ce, “Ikon Allah! Malam, daidai irin nawa. Har taɓon? Wayyo, Sista, ku taimake shi tun da wuri, haka nawa ya fara.”

Malam Kabiru ya ce, “Habibu, ka ji bayanin majinyaci. Sai me?”

“Sai a gwada, Malam.”

Sista Hajara ta ce, “Haka ne. Baki ya yi da'awa, saura ƙafa ta ba da shaida.”

Ban so wannan lafazin ba, domin na san babin da'awa da shaida fiye da kowa a wurin, na kuma san halin mai shaidar da za a kira.

Habibu ya sa safar hannu, ya cire mini takalmi da ladabi, ya ɗauko wani siririn zare mai ɗan tauri kamar gashin wutsiyar doki. Ya ce in kwanta in rufe ido, zai riƙa taɓa tafin da shi, duk inda na ji in ce na ji. Na rufe ido na ƙudurta cewa zan yi shiru kawai, tun da shiru ba furuci ba ne, balle a kira shi ƙarya.

Ya taɓa babban yatsa. Na ciji leɓe, na fara tasbihi a zuci. Ya taɓa ƙarƙashin yatsu. Hawaye suka taru a idona, cikina ya fara rawa. Na ji Nomau yana raɗa, “Bai ji ba, wayyo Allah, bai ji ba.” Sannan Habibu ya sauke zaren a tsakiyar tafin, ya ɗan lanƙwasa shi.

Sautin da ya fito daga bakina ban yi irinsa ba tun ina ɗan shekara bakwai. Wata ƙyalƙyala ce mai haɗe da ihu. Ƙafar da ba ta ji ta tashi sama da kanta ta daki farantin kayan aiki, almakashi da auduga suka watse, farantin ya yi ta juyi a siminti yana ƙara kamar ba zai tsaya ba. Habibu ya faɗi zaune. Rawanina ya warware ya sauka ƙasa. Na buɗe ido na ga mutanen layi duka sun taso sun cika bakin baranda, har da tsohon da ya nuna mini tabarma.

Ɗalibai suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna motsi. Sai Nomau ya ɗaga hannu biyu sama, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Alhamdu lillahi! Tana da rai! Malam, ƙafarka tana da rai!”

Da dariya ya yi mini da na jure. Murnarsa ce ta kashe ni. Mutumin da na yi makonni ina jin zafin kujerarsa, shi ne yake kuka don ƙafata ta tsira daga abin da ya kusa cinye tasa.

Sista ta mayar da jama'a layi. Aka soki yatsana aka gwada suga, aka ce lafiya lau. Malam Kabiru ya tambayi ɗalibai abin da suka fahimta. Yarinyar nan mai juya shafi ta miƙe tana wasa da bakin hijabinta ta ce, “Malam, ka gafarce ni, Baba ma ya gafarce ni. Bayanin taɓo da na safa, kalma da kalma, yana cikin abin da Baba Nomau ya ba mu.”

Ni ne na sha gaya wa ɗalibai cewa ɗaukar riwayar wani a jingina wa kai cin amanar ilimi ne. Na naɗe rawanina a hannu na ce, “'Yata, kin yi daidai. Riwayarsa ce. Na ɗauke ta ba da izini ba, daga bayan katangar can. Kishin kujerarsa ne ya kawo ni, babu abin da ke damun ƙafata.”

Nomau ya buɗe baki ya dube ni. Can ya ce, “Haba Malam! In ciwon kake so ai da ka yi magana, da na ba ka shi duka, har da hana shan rake.”

Sai a lokacin kowa ya sami izinin dariya, aka kuwa yi ta. Sista Hajara ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, “Daga bayan katanga, Baba Malam? To ashe ba ka taɓa jin ƙarshen darasin ba.” Ta ce wa yarinyar ta karanta shafin ƙarshe.

Ta karanta. Nomau ya gaya musu cewa abin da ya hana gyambonsa warkewa da farko shi ne yana kwance bandejin sau biyar a rana a ɓoye don ya yi alwala, sau da yawa da ruwan kanal, saboda tsoron kada sallarsa ta ɓaci. Sista tana ɗaurewa, shi yana kwancewa. Har ranar da ya tambaye ni, na yi masa faɗa, na ce shari'a ta ba shi damar shafa a kan ɗaurin ba tare da ya kwance ba. Daga ranar raunin ya fara bushewa. Layin ƙarshe, yadda ta rubuta shi daga bakinsa, cewa ya yi Sista ce ta ɗaure ƙafar, Malam ne ya hana a kwance, shi ya sa yake tafiya da ita yau.

Na manta da wannan tambaya ta Nomau sam. Na amsa ta ne a tsaye a bakin masallaci, ina neman takalmina.

Malam Kabiru ya ce wannan batu har ya shiga darasinsu a makaranta, domin Sista ta nuna masa cewa majinyata da yawa haka suke yi. Ya ce sun daɗe suna so in zo in yi wa ɗalibai bayanin hukuncin, har sun aiki Nomau ya gaya mini.

Nomau ya ce, “Na je sau biyu. Da na ce asibiti sai ya ce yana da muɗala'a.”

Yanzu nakan je wasu Larabobin in karantar da ɗaliban jinya hukuncin alwalar mai rauni, da taimama, da sallar wanda ba ya iya tsayuwa, da azumin mai suga. Nomau ne yake farawa, ni in biyo baya, a kan kujerar da ya ɗumama. Malam Kabiru ya nemi izinina ya riƙa ba sababbin ɗalibai labarin wani dattijo da ƙafarsa ta ƙaryata bakinsa, don su san muhimmancin gwaji. Ya yi alkawarin ba zai ambaci suna ba, ya kuma cika. Sai dai duk sabon rukunin da ya zo, ƙafata suke fara kallo kafin fuskata.

Abin da na koya shi ne, wanda zai saurari karatu daga bayan katanga, to ya daure ya kai ƙarshe, domin mai yiwuwa sunansa yana shafin da bai jira ba. Na tuba daga hassada, na kuma daina kiranta da sunan da ba nata ba. Sai dai amana ta sa in ƙara wannan: makon jiya na karɓi littafin wani ɗalibi, na ce zan duba masa kurakurai. Darasin Nomau shafi huɗu ne cif. Nawa biyu da rabi. Tun ranar nake shirya ƙarin bayani a kan taimama, kuma na fara magana a hankali, don su sami damar rubutawa.